Bindigar Ƴan Makaranta: Tarihin Abin Wasan Da Gwamnati Ta Tsara Ƙirarsa

Ran 6 ga watan Yuli na shekara ta 1882, shugaban ƙasar Faransa Jules Grévy ya sa hannu a kan wata doka wadda ba kasafai ake cin karo da irinta a littattafan tarihi ba. Ministoci uku ne suka rattaba hannu tare da shi: Jules Ferry na ilimi, Janar Billot na yaƙi, da René Goblet na cikin gida. Dokar ta ba makarantun gwamnati izinin haɗa yara maza masu shekara 12 zuwa sama a cikin bataliya irin ta soja, ta kuma fayyace irin bindigar da za a saɓa musu a kafaɗa. Sharuɗɗa uku aka gindaya wa maƙera. Na farko, kada bindigar ta yi wa yaro nauyi. Na biyu, ta ƙunshi duk kayan aikin da ke jikin bindigar yaƙi ta lokacin. Na uku, kada ta iya yin harbi, ko da kuwa a kusa ne.

Iyaye da ƴan kasuwa, idan suna zancen ingancin bindigar wasa, abin da sukan duba shi ne ƙarfinta da ƙarkonta da kuma kamarta da ta gaske. Tarihin wannan doka, da na ƙasashen da suka bi sawun Faransa daga baya, ya nuna cewa maganar ta fi haka zurfi. Sharuɗɗan nan uku ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Duk wanda ya ƙera bindigar yara tun daga wancan lokaci sai ya fifita ɗaya a kan sauran, kuma wanda ya fifita shi ke bayyana ko don yaron aka yi ta, ko don wata bukata ta manya.

Daga fagen Sedan zuwa cikin aji

Asalin al'amarin kaye ne. A watan Yuli na 1870 Faransa ta shelanta yaƙi a kan Furusiya, ƙasar da ke jagorantar Jamusawa. Ba a yi wata biyu ba, ran 2 ga Satumba, sarki Napoleon na Uku ya miƙa wuya a garin Sedan tare da rundunarsa. Kwana biyu bayan haka aka kafa jamhuriya a birnin Paris. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Frankfurt ran 10 ga Mayu na 1871 ta raba Faransa da yankin Alzas da wani ɓangare na Loren, ta kuma ɗora mata diyyar faran miliyar 5.

Wanda ya faɗi yakan waiwayi inda ya yi tuntuɓe. Magabatan sabuwar jamhuriya suka yi ta neman dalilin wannan abin kunya, har wata magana ta bazu a jaridu da majalisa, wai malamin makarantar Furusiya ne ya ci yaƙin. Abin nufi, sojan Jamus ya iya karatu, ya san taswira, ya saba da bin umarni tun yana ƙarami, alhali ɗan ƙauyen Faransa sai ya shiga bariki yake fara koyon bambanta dama da hagu a cikin sahu. Saboda haka gyaran soja da gyaran makaranta suka zama aiki ɗaya a idon masu mulki.

Dokoki suka biyo juna. Ta 27 ga Janairu 1880 ta wajabta motsa jiki a makarantun gwamnati na maza. Ta 16 ga Yuni 1881 ta mai da karatun firamare kyauta. Ta 28 ga Maris 1882 ta wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 6 zuwa 13, ta fitar da koyar da addini daga cikin aji, kuma a jerin darussan da ta lissafta, kusa da lissafi da tarihi, ta rubuta atisayen soja ga maza, ɗinki ga mata. Akwai kuma dalilin tattalin arziki. Dokar 1872 ta sa aikin soja ya kai shekara biyar ga wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, abin da ke raba gona da manomi tsawon lokaci. Ƴan jamhuriya suna son rage wannan wa'adi, suka ga cewa idan yaro ya iya tafiya a sahu da sarrafa bindiga tun yana lakkwal, bariki ba za ta daɗe tana riƙe da shi ba.

Majalisar birnin Paris ce ta riga kowa. Tun 1880 ta amince da shawarar wani ɗan majalisa mai suna Aristide Rey ta a kafa bataliyar yara a makarantun birnin. Paul Bert, likita kuma masanin kimiyya wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi daga Nuwamba 1881 zuwa Janairu 1882, ya kafa kwamitin tarbiyyar soja domin yaɗa abin a ƙasa baki ɗaya. Dokar watan Yuli ita ce ɗiyan wannan shuka.

Sharuɗɗa uku, maƙeri ɗaya

Domin a gane wahalar da aka ɗora wa maƙera, sai an san bindigar da aka ce su kwaikwaya. Ita ce bindigar Gras, samfurin 1874, wadda ta ci sunan hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Tsawonta ya kai mita 1 da santimita 30, nauyinta ya ɗara kilo 4, faɗin bakinta milimita 11, harsashi ɗaya take ɗauka. Ana buɗe cikinta da wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa: a ɗaga, a ja baya, a sa harsashi, a tura, a kulle, sa'an nan a ja kunama. Wannan sakata ita ce zuciyar bindigar, ita ce kuma abin da hafsoshi ke son hannun yaro ya saba da shi har ya riƙa yi ido rufe.

To, yaro ɗan shekara 12 bai fi bindigar nan tsawo da wani abin kirki ba. Dole a rage ta. Amma idan an rage ƙarfe domin sauƙin ɗauka, sakata da kunama sukan yi rauni, su lalace a hannun yaran da ke buɗewa da rufewa sau ɗari a yini. Idan aka yi su da ƙarfe na ƙwarai daidai da na soja, nauyi ya dawo, kuɗi ya ƙaru, kuma abin ya kusa zama makami, har ana tsoron kada wani ya gyara shi ya yi harbi. Ga shi kuwa shekara goma sha ɗaya kacal da tawayen mutanen Paris na 1871, lokacin da talakawan birni suka riƙe bindigogi suka fuskanci gwamnati. Babu ministan da ke son ganin dubban bindigogi masu aiki a ajiye a unguwannin ma'aikata.

Mafitar da doka ta samo ita ce raba aikin gida biyu. Bindigar atisaye, wadda ba ta harbi, an bar wa kamfanonin ƴan kasuwa su ƙera ta bisa samfurin da ministan yaƙi ya amince da shi, sa'an nan hukumar soja ta duba ta buga mata hatimi kafin ta shiga hannun yaro. A makaranta ake ajiye ta, ba a zuwa da ita gida. Bindigar harbi kuwa daban take: ƙaramar Gras ce mai aiki, wadda sai yaron da ya kai shekara 14 kuma mai horarwa ya zaɓe shi zai taɓa ta, a filin harbi, a gaban soja. Guda uku aka ƙayyade wa kowace makaranta, ana ajiye su a barikin jandarma ko a rumbun makaman soja, kuma harsashi 30 ne iyakar rabon kowane ɗalibi a shekara.

Ke nan ƙasar da ke shirin ɗaukar fansa a kan Jamus ita ce ta zauna ta rubuta ma'aunin inganci na bindigar yara, kuma a cikin wannan ma'auni sharaɗi na biyu, wato kama da ta gaske, shi ne ginshiƙi. Sauran biyun an sa su ne domin su tsare shi kada ya wuce gona da iri.

Bindigar doka da bindigar katako

Abin da aka rubuta a Paris daban, abin da ya auku a ƙauyuka daban. Doka ta ce bataliya sai ta tara yara 200 zuwa 600, a kasa su kamfani huɗu, kowane kamfani a ƙalla yara 50. Amma karatun dole yana ƙarewa ne a shekara 13, ita kuwa bataliya sai daga 12 take ɗauka. A ƙauyen da ɗaliban makarantarsa gaba ɗaya ba su wuce arba'in ba, ina za a samo ɗari biyu masu wannan shekaru? Sai an haɗa makarantun garuruwa da dama, yara su yi tafiyar ƙasa mai nisa kafin su haɗu. Ga kuma kuɗi: gwamnati tuta take bayarwa, amma bindiga da tufafi da ganga da ƙaho suna wuyan ma'aikatar magajin gari.

Manyan birane masu hali sun yi abin a zo a gani. Yaran Paris an ɗinka musu riga da wando masu ruwan shuɗi mai duhu da hula irin ta sojan ruwa, kuma a watan Yuli na 1882, lokacin bikin buɗe sabon ginin ma'aikatar magajin garin da aka sake ginawa bayan gobarar 1871, sun yi fareti a gaban manyan baƙi. Shekara da shekaru bayan haka, ran 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasa, jama'a kan yi cincirindo domin kallon su suna wucewa da bindigogi a kafaɗa, iyaye mata suna hawaye, tsofaffin sojan 1870 suna cire hula.

Ƙananan garuruwa kuwa sai suka yi da abin da ke hannu. In babu raƙumi, a yi da jaki. Suka sayi bindigogin katako zalla, an sassaƙa su da siffar Gras an shafa musu fenti, wasu an liƙa musu ɗan ƙarfe a wurin sakata, wasu ko wannan babu. Irin waɗannan ba su da hatimin soja, ba su cika sharaɗi na biyu ba, amma su ne akasarin yaran karkara suka sani. Ana iya ganin samfurinsu a gidan tarihin ilimi na ƙasar Faransa da ke birnin Rouen, wasu gindinsu ya goge saboda yawan bugun ƙasa.

Masanin tarihi Albert Bourzac, wanda ya wallafa littafi a kan waɗannan bataliyoyi a 2004, ya bi diddigin lissafinsu. A 1886, shekarar da abin ya kai ƙololuwa, bataliya 146 ne aka yi wa rajista, a jihohi 49 daga cikin 87 na ƙasar, da yara 43,326. Idan aka tuna cewa yaran firamare na Faransa a lokacin miliyoyi ne, za a ga cewa bindigar doka, mai cikakken inganci da hatimi, ƴan ƙalilan ne suka taɓa riƙe ta.

Yadda abin ya rushe

Abu na farko da ya kayar da bindigar makaranta shi ne ita kanta bindigar yaƙi. A 1884 masanin haɗa magunguna Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 aka ƙera wa sojan Faransa sabuwar bindiga, Lebel, mai bakin milimita 8, mai ɗaukar harsashi 8 a ma'ajinta. Doka ta ce a kwaikwayi bindigar yaƙi ta lokacin, sai ga lokacin ya sauya cikin shekara huɗu. Garuruwan da suka ci bashi suka sayi kwafin Gras mai tsada suka wayi gari yaransu suna koyon sarrafa abin da soja ya fara ajiyewa. Duk wanda ya fi kashe kuɗi wajen neman kama, shi ya fi asara.

Hafsoshi ma ba su gamsu ba. Suka riƙa ƙorafin cewa saurayin da ya fito daga bataliyar yara yakan zo bariki da girman kai da kurakuran da suka zauna masa a jiki, har kankare su ya fi koya wa sabon shiga wuya. Malaman makaranta suna kukan cewa tsofaffin sajan da ake turowa suna yi wa yara tsawa da baƙar magana irin ta bariki. Limaman Katolika suna ganin an sa atisaye ran Lahadi ne da gangan domin a raba yara da coci. Likitoci da masu son wasanni irin na Ingila, cikinsu har da Pierre de Coubertin wanda daga baya ya farfaɗo da wasannin Olimpik, suna cewa gudu da ƙwallo sun fi tsayuwa ƙyam a sahu gina jikin yaro.

Siyasa ce ta ƙarasa shi. Paul Déroulède, ɗaya daga cikin membobin kwamitin Paul Bert, ya fice ya kafa ƙungiyar ƴan kishin ƙasa a 1882, ƙungiyar da daga baya ta mara wa Janar Boulanger baya. Wannan janar ya riƙe ma'aikatar yaƙi daga 1886 zuwa 1887, ya yi farin jini da zancen fansa, kuma da ya ci zaɓe a Paris ran 27 ga Janairu 1889 aka yi fargabar zai kifar da jamhuriya. Bai yi ba; ya gudu Beljiyam a watan Afrilu. Amma ƴan jamhuriya sun tsorata, sun kuma ga cewa yaran da aka koya wa son kaki da ganga za su iya tashi su bi duk wani mai doki da takobi. A shekarar nan ta 1889 aka rage aikin soja zuwa shekara uku ba tare da an jingina da bataliyar yara ba. Paris ta rushe nata a 1891, sauran garuruwa suka bi.

Sai dai bindiga ba ta fita daga makaranta ba. A watan Yuli na 1893 wani umarnin minista ya shigar da koyon harbi a nisan mita 10, da ƙaramar bindigar Flobert, ga ɗaliban firamare da suka wuce shekara 10. An yar da sharaɗi na uku, an riƙe na farko.

Wani 14 ga Yuli, a ƙasar Tasawa

Wannan labari na Faransa ne, amma bai tsaya a Faransa ba, domin mutanen da suka tsara makarantar su ne suka tsara mulkin mallaka. Jules Ferry, wanda sunansa ke kan dokar 1882, shi ne ya tsaya a majalisa ran 28 ga Yuli 1885 yana kare mamaye ƙasashen wasu da hujjar fifikon jinsi, har Georges Clemenceau ya mayar masa da martani mai zafi bayan kwana biyu. Paul Bert kuwa a Hanoi ya mutu a 1886, yana wakilin Faransa a ƙasar da aka ci da yaƙi.

Yaran da suka tashi a cikin wannan iska sun girma. Paul Voulet an haife shi a 1866. Julien Chanoine, ɗan janar, an haife shi a 1870, wato a shekarar da aka sa hannu a dokar ya cika 12. Su biyun ne suka jagoranci rundunar da ta ratsa ƙasar Hausa a 1899: ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙwanni kisan gilla a watan Mayu, ta bar ƙauyuka a ƙone da rijiyoyi cike da gawa. Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, an harbe shi bisa umarnin Voulet a Ɗankori, a ƙasar Tasawa, ran 14 ga Yuli, ranar da yaran Paris suka saba fareti da bindigoginsu marasa harbi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi, ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram bayan karon Tirmini a ƙarshen watan.

Ba za a ɗora wa guntun katako alhakin jinin Ƙwanni ba. Dubban yara sun saɓa shi sun girma sun zama manoma da masu gasa burodi. Abin da za a iya cewa shi ne, ƙarni guda na yara an rene su a kan cewa darajar namiji tana bakin bindiga, aka kuma hana su Jamus ɗin da aka yi musu alkawari har sai 1914. Kafin nan, a Afirka da Asiya ne masu neman suna daga cikinsu suka sami fage.

Ita ma Gras ta gaske, da soja ya sauya ta, Afirka ta nufo. Maƙeran Samori Ture sun ƙware wajen gyara ta har da ƙera kwafinta. A Habasha ta yi yawa har harsashinta ya zama kamar kuɗin canji a kasuwa, kuma tana cikin bindigogin da mayaƙan sarki Menelik suka karya rundunar Italiya da su a Adwa ran 1 ga Maris 1896.

Italiya: inganci ya kai matuƙa

Italiyar da aka kunyata a Adwa ita ce ta ɗauki bindigar yara ta kai ta inda Faransa ba ta kai ba. A watan Afrilu na 1926 gwamnatin Mussolini ta kafa ƙungiyar Balilla, ta yara maza daga shekara 8 zuwa 14, aka ba ta laƙabin wani yaron birnin Genoa da ake cewa shi ya fara jifan sojan Ostiriya da dutse a 1746. Taken zamanin yana haɗa littafi da bindiga a matsayin abin da ke cika ɗan ƙasa.

Daga farkon shekarun 1930 aka shiga ƙera wa yaran nan ƙaramin kwafin bindigar Carcano samfurin 1891, irin gajeriyar da sojan doki ke riƙewa. Ƙarfe ne da katako na ƙwarai, sakata tana aiki, akwai wuƙar da ake naɗewa a ƙarƙashin baki, an dai dakushe tsininta. Akwai masu ɗaukar harsashin da ke ƙara ba ya fitar da dalma, domin kunnen yaro ya saba da amo, hancinsa ya saba da warin albarushi. Idan ƙarko da kyan aiki ne ma'auni, ba a taɓa yi wa yara bindigar da ta fi wannan ba. Har yau masu tara kayan tarihi suna sayen ta da tsada, sakatarta tana motsi kamar jiya aka ƙera. A watan Oktoba na 1935 Italiya ta sake afka wa Habasha, a 1940 ta shiga yaƙin duniya na biyu, kuma yaran da suka fara da ƙaramar Carcano su ne aka miƙa wa babbar, aka tura su hamadar Libiya da ƙanƙarar Rasha.

Zamanin roba: doka ta juya baya

Bayan 1945 gwamnatocin Turai ta yamma suka janye hannu daga wannan sana'a, kasuwa ta gaje ta. Roba ta warware sharaɗi na farko gaba ɗaya, domin ba ta da nauyi kuma ba ta da tsada, ta kuma sauƙaƙa na biyu, tun da injin zuba roba yana iya fitar da kowane lungu na bindigar gaske. A 1966 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da kwafin M16 na yara, daidai lokacin da ake yaƙi da ita a Biyetnam. Da yake ita ma M16 ɗin gindinta da marikinta na roba ne, sojan Amurka suka riƙa yi mata ba'a cewa kamfanin kayan wasa ne ya ƙera ta. Zancen ba gaskiya ba ne, amma ya nuna yadda tazarar da ke tsakanin biyun ta ƙanƙance. A Japan, inda doka ta tsananta a kan mallakar makami, aka ɓullo a shekarun 1970 da kwafin bindigogi masu harba ƴan ƙwayoyin roba da ƙarfin iska.

Daga nan sai kamar da aka daɗe ana nema ta zama ita ce haɗarin. Ɗan sanda da ya ga abu a hannun yaro da magariba ba shi da lokacin auna nauyinsa. Bayan an harbe yara da matasa da dama a irin wannan hali, majalisar Amurka ta yi doka a 1988 wadda ta wajabta sa alama mai launin ruwan goro mai haske a bakin bindigar wasa. Alamar kuwa tana ɓallewa, ko a ɓalle ta: a watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 wanda ke riƙe da irin wannan bindiga marar alama. Faransa, ƙasar da ta taɓa wajabta kama, ta fitar da doka ran 24 ga Maris 1999 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba duk wani abu mai siffar bindiga da ƙarfin harbinsa ya wuce jul 0.08. A Afganistan, a watan Yuli na 2015, ma'aikatar cikin gida ta haramta bindigogin wasa bayan yara da matasa sama da ɗari sun ji ciwo a ido da ƙwayoyin roba a kwanakin ƙaramar Salla.

Cikin ɗan abin da ya ɗara shekara ɗari, hukuma ta tashi daga buga hatimi a kan bindigar da ta yi kama da ta soja, ta koma hukunta wanda ya sayar da ita.

Kammalawa

Bindigar robar da ake kasawa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa idan Salla ta ƙarato, wadda akasari daga masana'antun Sin take fitowa, jikanyar waccan ce ta 1882, sai dai ba wanda ya duba ta balle ya buga mata hatimi. Ba ta da nauyi. Ta yi kama da Kalashnikov, wani lokaci har da launi. Sharaɗi na uku ne ta saki, domin da yawa daga cikinsu suna harba ƙwayar da ta isa ta fasa ido. Uba yakan juya ta a hannu yana tambayar mai tebur ko za ta kai bayan Salla ba ta karye ba. Tambaya ce mai kyau ga mai tsoron asarar kuɗinsa, amma a yankin da askarawa ke tsaye a shingaye, inda ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan kan iyaka har dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetaro jihar Maraɗi a 2019, karyewar bindigar ita ce mafi sauƙin abin da zai iya faruwa.

Yaran karkara sun daɗe da nasu maganin. Bayan girbi sukan feƙe karan dawa, su soka totuwa da sili, su haɗa abin da su kaɗai suka san bindiga ce, su yi yaƙinsu a bayan gari, magariba ta yi su yar a koma gida. Da an kai wa Janar Billot irin wannan da ya ƙi ta nan take, domin ta faɗi a sharaɗi na biyu, wanda shi ne nasa. Ta cika na farko da na uku, waɗanda su ne na yaron.